Ba allon ne ke nutsar da koton ba

Masu kallon masuntan Amurka suna jan fatsar kifin crappie a tafkin Grenada na jihar Misisipi sukan ɗauka ɗan allon nan mai iyo da ake maƙala wa zaren fatsa shi ke kai koto ƙasa. Ko kusa! Aikinsa janye zaren gefe ne, nesa da kwale-kwale, don kada ƙarar inji ta kori kifi, zaruruwa kuma kada su harɗe.

Nutsewa aikin koton ne, wato kifin roba mai leɓe a gaba: ruwa ya bugi leɓen, sai ya yi ƙasa. Tsawon zaren da aka sake bayan allon da sirantakarsa su ke ƙara zurfi. Masunci kuma a hankali yake jansa, wajen mil 2 a awa.