Galahanga daban, zulumi daban

Ina da shekara 34 likita ya tabbatar mini ina da otizim, abin da kafafen labarai ke kira galahanga. A ƙasar da nake zaune yanzu aka yi gwajin, bayan na jira layi fiye da shekara guda. Da na kira mahaifiyata na faɗa mata, sai ta yi shiru, can ta ce, "To ai kai tun kana ƙarami haka kake, miskilanci ne kawai. Allah ya ba ka lafiya." Ba da wata manufa ta faɗa ba, sunan da ta sani ke nan.

Can gida, yaron da ba ya haɗa ido da mutane, wanda ke toshe kunne in hayaniya ta yi yawa, ko dai a ce miskili ne, ko a ce shafar aljanu. Amma ba a rasa wanda zai saba da shi, ya san inda yake so ya zauna da abin da ke tayar masa da hankali. Nan kuwa akwai suna, akwai takardar likita, a wurin aiki ma za a ba ka kusurwar da babu surutu. Sai dai ka iya yin sati ba wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Duk da wannan bambancin, na lura kuskure ɗaya suke yi. Can komai nawa "halinsa ne", nan komai nawa "otizim ne". An zuba abu biyu a buhu ɗaya.

Abu na biyun shi ne zulumi. Masana halayyar ɗan Adam sun kasa ɗabi'u gida biyar, ɗaya daga ciki shi ne saurin shiga damuwa: zuciyar da ƙaramin abu ke tsinka ta, kuma ta daɗe ba ta koma daidai ba. Hans Eysenck ya yi rubutu a kai tun shekarun 1940. Ba cuta ba ce, kowa yana da rabonsa, wani kaɗan wani da yawa. Bincike ya sha nuna cewa a cikin ɗabi'un nan biyar ita ce ta fi alaƙa da rashin jin daɗin rayuwa da rashin gamsuwa da aure, kuma masu otizim, in an ɗauke su a jimlace, sun fi sauran mutane yawanta. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya gano kusan kashi 40 cikin ɗari na yara da matasa masu otizim suna da ciwon fargaba. Ko likita Leo Kanner, da ya bayyana yanayin a 1943 bayan ya duba yara 11 a Amurka, ya lura da yadda hankalinsu ke tashi in an sauya musu abin da suka saba.

A gidana na gane inda ɗaya ya tsaya, ɗayan ya fara. Wata rana da hantsi matata ta turo saƙo: "In ka dawo akwai magana." Rashin iya karanto yanayinta daga kalmomi biyar, wannan otizim ne. Amma abin da ya biyo baya fa? Na kasa aiki. Na buɗe saƙon ya fi sau ashirin, na bi duk abin da na faɗa a makon ina neman laifina, kafin yamma na riga na yanke cewa ta gaji da ni. Na shiga gida fuska a ɗaure, ina amsa ta da kalma ɗai-ɗai. Ashe injin wanki ne ya lalace. Ita kuma ta ga miji ya shigo da fushin da ba ta san dalilinsa ba, muka kwana ba ma magana.

A ra'ayina, a yawancin ranaku wannan zulumin ne ke cin zumunci, fiye da otizim kansa. Mutum zai iya sabawa da aboki marar son taro, mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana, mai maimaita zance ɗaya. Abin da ke gajiyar da shi shi ne tambayar "ranka ya ɓaci da ni?" sau goma a yini, ko ɓacewar kwana uku saboda wani laifin da babu shi.

Kuma zulumin ba duka aka haife mu da shi ba. Yaron da aka yi ta yi wa tsawa kan abin da bai san laifi ba ne, zai girma yana jiran tsawa ko'ina. Zai koyi tilasta wa kansa kallon ido, ya haddace amsoshi kafin a tambaye shi, ya dawo gida wujiga-wujiga. Damian Milton, wani masani ɗan Ingila da shi ma yake da otizim, ya bayyana a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu take: yadda muke kasa karanta mutane, haka su ma suke kasa karanta mu. Sai dai nauyin gyaran kusan kullum a kanmu ake ɗora shi, can da nan.

Shi ya sa raba su yake da muhimmanci a wurina. Otizim ba na neman maganinsa, haka ƙwaƙwalwata take. Zulumi kuwa yana raguwa, da shekaru da kuma zama da mai ba da shawara, musamman wanda ya san yadda zai daidaita hanyarsa da mai otizim. Na farko da na gani bai san wannan ba, ya dinga tambayata me nake ji a jikina alhali ban iya sa wa abin suna ba. Ta biyun ce ta sa na riƙa rubuta abin da na ji tsoro da safe, da abin da ya faru a zahiri da yamma. Bayan wata uku na karanta littafin daga farko, na ga galibin abin da na tsorata bai auku ba.

Matata ma ta sauya nata. Yanzu in za ta turo saƙo, sai ta cika shi: "Maigida, akwai magana kan makarantar yara, ba matsala ba ce." Ranar da ta fara yin haka na karanta sau ɗaya, na ajiye wayar, na ci gaba da aikina har aka tashi.