Hayar shekara biyu: nan ya kamata masu yaƙi da talauci su sa ƙarfi

Masu fafutukar yaƙi da talauci a zangunanmu na Akra ba su rasa bakin magana ba. A taɓo bashin dala biliyan 3 da IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta amince wa Ghana a 2023, su kwana suna fashin baƙi. A ambaci harajin E-levy na tura kuɗi ta waya da aka ƙaƙaba a 2022 aka soke a 2025, kowa na da ta cewa. Ba laifi. Sai dai abin da ke hana mai koko a Nima barci kuɗin ɗaki ne, kuma ba kasafai ake tsayawa a kansa ba.

Dokar haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba. Dokar ta haura shekara sittin tana nan daram a takarda. Amma je ka Mamobi ko Sabon Zango ko Madina neman ɗaki guda ka gani. Kafin ka ga ƙofa dillali ya karɓi kuɗin ƙafa. In ɗakin ya yi maka, mai gida ya ce shekara biyu, in ka ci sa'a ɗaya. Dillali ya dawo ya yanki nasa kashi goma cikin ɗari. Ka ce za ka kai ƙara ofishin kula da haya? Mutum biyar na bayanka riƙe da kuɗi, tunda ƙasar na da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8.

A dubi mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Duk shekara tana zubin susu, wato adashi, tana fatan ƙara tukunya ko sayen firji. Wa'adin haya na ƙaratowa, ɗaukar ta tafi. Ba ta isa ba, a taɓa jari. Buhun shinkafa ya koma rabi, naman ya ragu, masu saye su gane su sauya layi. 'Yar da za a kai koyon ɗinki a ce ta dakata sai baɗi. Ba lalaci ya ci ta ba, bashi ne marar ruwa take ba mai gida duk shekara biyu, alhali ita ce mai neman wanda zai ranta mata.

Kada a ɗauka masu gidajen duk azzalumai ne. Da yawansu gidan gado ne a hannunsu, magada goma na jiran rabo, rufi na yoyo. Lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamban 2022, ruwan bashin banki ya wuce kashi 30, wa zai je banki don ya sayi siminti? Kuɗin ɗan haya ne bankinsu. Ga kuma tsoron wanda zai shiga ya daina biya, fitar da shi ya zama shari'a. Duk mai son gyara da bai lissafa wannan tsoro ba, surutu kawai yake.

Gwamnati ta buɗe shirin tallafin haya a 2023, ta biya mai gida a dunƙule, ɗan haya ya riƙa biya wata-wata. Amma sai wanda zai nuna shaidar samun kuɗi a kai a kai, ga shi yawancin mutanenmu cinikin hannu da baki suke. Shirin ma ya bi al'adar ne, bai karya ta ba.

Abin da zango ke da shi wanda unguwannin masu kuɗi ba su da shi, sanayya ce. Sarkin zango ya san mai gida, liman ya san ɗan haya, mai susu ya san wanda ba ya fashin zubi. To me zai hana masu fafutuka su zaunar da su a unguwa ɗaya tak, a rubuta yarjejeniya: mai gida ya karɓi wata shida, asusun masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa ya tsaya wa ɗan haya, littafin mai susu ya zama shaidarsa? Masu karatun lauya cikin 'ya'yanmu su tsara takardar, wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma ya sa hannu a matsayin shaida. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya zuba kuɗi a filayen ƙwallo. A tambaye shi ko zai ware wani abu ya tsaya bayan irin wannan lamuni.