Idan hukuma ta janye, wa zai maye gurbinta?

Malam marubuci, na karanta ra'ayinka cewa maganin koma-bayan Najeriya shi ne gwamnati ta tsame hannunta daga harkokin jama'a, a bar kowa da 'yancinsa da kasuwarsa, tunda duk wanda iko ya taru a hannunsa sai ya yi zalunci. Ban musa wannan batu na ƙarshe ba, domin mun ga yadda gwamnoni suka danne kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa shekara da shekaru, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomin kai tsaye.

Sai dai mu a Zamfara mun ɗanɗana abin da nisan hukuma ke haifarwa. Son zuciyar da kake tsoro daga mai mulki yana nan daram a zuciyar mai bindiga, kuma shi ba ya shakkar zaɓe, balle kotu. A ƙauyukan Maru da Zurmi, 'yan bindiga ne ke aza wa manomi haraji kafin ya girbe abin da ya noma da guminsa. A 2010 kuma, a Anka da Bukkuyum, inda ake haƙar zinare babu mai sa ido, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400, saboda a tsakar gida ake niƙa duwatsun zinaren masu ɗauke da dalma.

Don haka ina roƙonka ka fayyace mana, a tsarin da kake kira gare shi, wanda manomin Dansadau zai kai wa ƙara idan aka kore masa shanun huɗa.