Alhaji, Ragon Layya da Injin Aske Ciyawa

(Bayan la'asar, a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don biki, da ke Harazat, gabas da Jidda. Alhaji Bakatsine na kishingiɗe a kan darduma, ga shayi ga dabino. A gabansa akwai ɗan koren fili, mita 10 a tsaye mita 6 a kwance, wanda yake nuna wa baƙo tun kafin ya nuna masa 'ya'yansa. Ɗan Fulani na tsugune a gefe yana wasa lauje, ragon layya ɗan Sawakin ta Sudan na ɗaure a gindin dabino. Sai ga Bakano ya rungumo wani abu a nannaɗe cikin bargo.)

BAKANO: Salamu alaikum! Allah ya ja zamanin Alhaji, Bakatsinen da ya ce wa rairayi fitar da ciyawa, ya kuma fitar!

ALHAJI: Wa alaikumus salam. Bakano, in cikon kuɗin agogon nan ya kawo ka, tun ranar da ka fita gidan nan yake kan ƙarfe huɗu.

BAKANO: A bar tuna baya, ranka ya daɗe. Abin da na kawo yau, motsi ne sana'arsa. (Ya yaye bargon.)

ƊAN FULANI: (Ya ja da baya.) Aradu kunkuru ne! Kunkuru da taya!

BAKANO: Injin aske ciyawa ne mai tuƙa kansa. Ba mai turawa, ba fetur, ba hayaƙi. Ya fita ya yi aikinsa, in caji ya yi ƙasa ya koma mazauninsa ya jona kansa. Ba ruwansa da igama, takardar zama, ba ruwansa da kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo, ba ya zuwa ƙarshen wata ya ce a ƙara masa na shayi.

ƊAN FULANI: Da ni kake.

BAKANO: Na kama suna?

ALHAJI: Mayar da shi bargonsa. Ni ba na sayen kayan wasan yara.

BAKANO: Shi ke nan. Dama na ce bari in fara kawo maka, don kada a ce Bagobiri maƙwabcinka kaɗai ke da shi a unguwar nan.

ALHAJI: (Ya tashi zaune.) Bagobiri ya saya?

BAKANO: Daren Alhamis sai da shinkafar mandi ta huce a tire, baƙinsa na tsaye suna ɗaukar injin a waya.

ALHAJI: Kai, zuba wa Bakano shayi. Ka kira mini yaron nan ɗan boko.

(Duk Jidda babu wanda ya kai Bakano sanin inda ake taɓa Bakatsine. Ɗan Boko ya fito, waya a hannu.)

ƊAN BOKO: Ga ni, Kawu. A'a! A ina aka samo wannan?

BAKANO: A kasuwar gwanjo ta Haraj na Sawarik, hannun wani Bature da ya gama kwantiragi zai koma gida. Yana ba ni yana hawaye.

ALHAJI: Duba mini shi. Sabon yayi ne ko?

ƊAN BOKO: Ya kwana biyu, Kawu. Tun 1995 kamfanin Husqvarna na Suwidin ya fito da irinsa, na farkon ma da hasken rana yake aiki.

ALHAJI: Madalla! Mutanen da ke ganin rana sai an yi sa'a su suka ƙera, mu masu ranar za mu mora.

ƊAN BOKO: Wannan na lantarki ne, batirin litiyam ke cikinsa irin na waya. Kuma ranar tamu ce abokiyar gabarsa. Batirin ba ya son caji in zafi ya haura digiri 45, yana saurin tsufa. Ka tuna a Yunin 2010 sai da Jidda ta kai 52.

ƊAN FULANI: Ashe shi ma dokar hana aikin rana ta hau kansa. Sha biyu zuwa uku, tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. Ni dai dokar nan ba ta taɓa samun ƙofar gidan nan ba.

ALHAJI: Wa ya kasa da kai? To a sake shi da daddare.

ƊAN BOKO: A Turai ma an fara hana haka. Birnin Kolon na Jamus ya haramta musu aikin dare a 2024, saboda suna sassare bushiya. Ita bushiya in ta ji tsoro dunƙulewa take yi, ba ta gudu.

ALHAJI: Ina ka ga bushiya a Harazat?

ƊAN FULANI: Da akwai ɗaya. Ta yi daɗi kuwa.

ƊAN BOKO: Ba ma ita ba, Kawu. Da daddare ai masu hayar istiraha ke zaune a kan ciyawar, yara na guje-guje ba takalmi. Bayan sun watse a kunna ban ruwa. Rana ta kwashe rabo, baƙi sun kwashe rabo, abin da ya rage masa daga asuba zuwa hantsi.

BAKANO: To ai lokacin albarka ke nan.

ALHAJI: Yaya yake gane iyakar filin? Kada ya fita titi a ce motata ce ba lamba.

ƊAN BOKO: Irin wannan sai an kewaye filin da wata siririyar waya, a kafe ta da 'yan turaku ko a binne. Ita ke gaya masa nan ne ƙarshe. Ta tsinke a wuri ɗaya, ya tsaya cak.

ƊAN FULANI: A binne waya a inda masu biki ke kafa turken rumfa duk mako?

BAKANO: Sai a hana biki.

ALHAJI: A hana me? Da kuɗin bikin nake sayen shayin da kake kurɓa!

ƊAN BOKO: Akwai sababbi marasa waya, masu bin tauraron ɗan'adam da kyamara. Sun fi tsada, kuma masu bin tauraron in suka shiga ƙarƙashin bishiya ko jikin doguwar katanga sai kansu ya juye. Nan kuwa katangarka ta fi mutum biyu tsawo, ga dabino uku.

ƊAN FULANI: Ni tambaya ɗaya gare ni. Ina buhunsa?

ƊAN BOKO: Ba shi da buhu. (Ya kifa injin.) Ka ga waɗannan 'yan rezar guda uku? Kullum ɗan kan ciyawar yake tsinkewa, milimita kaɗan, ya bar ɓurɓushin a wurin ya ruɓe ya zama taki. A nan kam ya yi dabara, ciyawa na yin kauri da irin wannan askin. Sai dai duk wata ɗaya ko biyu a canja reza.

ƊAN FULANI: Ya yanka ya zubar a wurin?

ƊAN BOKO: A wurin.

ƊAN FULANI: (Ya juya wajen rago.) Ka ji ko? An kore mu mu biyu. Alhaji, duk Juma'a buhu guda nake cika wa bawan Allahn nan daga filin nan. Barsim kuwa, harawar dabbobi, tun da aka taƙaita nomansa a ƙarshen 2018 don ruwan ƙasa na ƙarewa, sai mai ƙarfi ke saya wa dabba ta ƙoshi. In kunkuru ya cinye rabonsa, ranar layya ƙaho za ka yanka da fata.

ALHAJI: (Ya dubi ragon, ragon ya dube shi.) Bakano, ba ka gaya mini wannan ba.

BAKANO: Ba ka tambaya ba, ranka ya daɗe.

ƊAN BOKO: Sannan ba ya kai wa jikin bango, yana barin gefe-gefe sai an bi da almakashi. Kafin a sake shi kuma sai an tsince ƙwallon dabino, ƙashin rago, murfin kwalba, cokulan da 'yan biki ke yarwa. In ya maƙale a rami a ɗago shi. A goge masa ƙura a ƙasan ciki.

ƊAN FULANI: Wa zai yi duk wannan?

ƊAN BOKO: Kai mana.

ƊAN FULANI: To alhamdu lillahi, ba a kore ni ba. Sabon ubangida aka yi mini.

(Labule ya motsa. Hajiya ta fito da littafin lissafinta, wanda Alhaji ya fi tsoro a kan takardar tarar mota.)

HAJIYA: Sannunku da shawara. Bakano, nawa ka ce?

BAKANO: Hajiya ikon Allah! Don ke, riyal 2,500.

HAJIYA: Sabo fa?

ƊAN BOKO: Matsakaici yakan kai dala 1,000, Inna, wato riyal 3,750, ban da harajin kashi 15 cikin ɗari. Manyan sun haura dala 3,000.

HAJIYA: Kai kuma minti nawa kake yi ka gama filin nan?

ƊAN FULANI: In Alhaji na kallo, awa biyu. In ba ya nan, minti ashirin.

HAJIYA: Alhaji, bari in karanta maka. Filinka murabba'in mita 60 ne. Da bazara kowace mita na shan kusan lita 10 a yini. Lita 600 ke nan kullum, 18,000 a wata. Kusan wayit guda sukutum, tankar ruwa mai tan 19, ruwan da aka sha wahala aka tace daga teku a Shu'aiba, kana tuttula wa ciyawa don ta tsiro, yanzu kuma za ka sayi inji don ya hana ta tsawo. Aski bai taɓa cin kuɗinka ba. Shayarwa ce ke ci, ga ta nan shafi-shafi.

ALHAJI: Ke ba ki san darajar kore ba.

HAJIYA: Na san darajar wayit. Ranar da direba ya makara, da ruwan jarka na yi alwala, ciyawarka kuwa ta sha ta ƙoshi.

BAKANO: Yaro, ka ji tsoron Allah ka faɗi alherin injin nan ko guda.

ƊAN BOKO: Yana da shi. Mai fili shimfiɗaɗɗe na mita ɗari biyar ko dubu, a ƙasar da sama ke yi masa ban ruwa kyauta, inda lebura na awa ɗaya sai ka yi tunani kafin ka kira shi, wannan ya saya ya huta. Tsoho mai ciwon baya ma haka, ko otal, ko filin ƙwallo. Ba ƙara, ba mai, wutar da yake ci kaɗan ce. Amma ko ƙaramin cikinsu don fili mai ɗaruruwan mita aka yi shi. A nan kafin ya gama ɗumama ya bugi bango.

BAKANO: Kun ji ko? Ya ce a saya a huta.

HAJIYA: Ni da za a ji tawa, a shimfiɗa ta roba irin ta kowa, a huta da ruwan gaba ɗaya.

BAKANO: Ina da ita! Gobe da safe...

ƊAN FULANI: Ta roba? Wadda in rana ta buga sai ta toya tafin ƙafa? Hajiya, rago ya yi miki laifi ne?

HAJIYA: Af, na manta. Shekaranjiya ina gidan Bagobiri wajen suna. Wane inji? Mutumin da ko tsinken ciyawa babu a gidansa, tayil ne tun daga ƙofa har bayan gida.

(Shiru. Bakano ya duƙufa a kan kofin shayin da ya riga ya ƙare.)

ALHAJI: Wato Bagobiri ba shi da shi.

HAJIYA: Ba shi da shi.

ALHAJI: (Fuskarsa ta washe.) Wato ni zan fara a duk Harazat! Yaro, kunna shi.

ƊAN BOKO: (Ya danna.) Lambar sirri yake nema, guda huɗu. Malam Bakano, mece ce?

BAKANO: Gwada ɗaya, biyu, uku, huɗu.

ƊAN BOKO: Ya ƙi.

BAKANO: To juya ta baya. Baturen bahago ne.

ƊAN BOKO: Ya ƙi. In aka yi ta kuskure kulle kansa zai yi, sai an je wajen dillalin kamfani da rasiɗin saye.

BAKANO: Kawo nan, girgiza yake so.

(Ya ɗaga shi sama. Injin ya ɓarke da jiniya. Rago ya tsinke igiya ya yi cikin tiren shayi. Ɗan Fulani, wanda ke cewa gwiwarsa ba ta hawa tsani, tuni yana tsakiyar dabino.)

ƊAN BOKO: Ƙararrawar ɓarayi ce! Wasu ma har suna aika wa mai su inda suke!

HAJIYA: Innalillahi! Kayan sata ka kawo mana gida?

BAKANO: Wallahi Hajiya ba na sata ba ne! Babu wani Bature! Wajen 'yan gwangwan na saye shi, da kilo, shi da murfin firji!

(Ɗan Boko ya kwance ƙasan injin ya zare batiri. Gari ya yi tsit.)

ƊAN BOKO: Batirin ma ya kumbura, Kawu. Wannan ya gama aiki a duniya.

ALHAJI: (Ya daɗe yana shafa gemu.) Daga saman benen Bagobiri ana hango filin nan?

ƊAN BOKO: Sarai.

ALHAJI: Daga can ana gane mai batiri da mara batiri?

ƊAN BOKO: A'a, amma Kawu...

ALHAJI: Bakano, riyal 200, a cire 150 na agogo.

BAKANO: Albarka! To... kawo. Bargon daban ne.

ALHAJI: Kai, sauko. Daga yau kafin asuba za ka riƙa yanka, kada kowa ya gan ka da lauje. Gari na wayewa ka ajiye shi a tsakiyar fili. Ka ɗaura masa zaren kamun kifi, in ka ga hular Bagobiri a sama, ka ɓuya bayan tanki ka riƙa ja a hankali.

ƊAN FULANI: (Daga saman dabino.) Riyal ɗari na tashin dare, hamsin na jan kunkuru.

ALHAJI: Ka haukace?

ƊAN FULANI: Da hamsin na mantuwa, don Bagobiri na yawan tare ni a bakin masallaci yana tambayar lafiyar gida.

HAJIYA: (Tana rubutu.) Riyal 200 duk wata, ban da wayit. Yaro, a wane shafi ake sa albashin direban inji?

ALHAJI: Ki sa a shafin rago.