Wa ya gayyace ku da zarar na kunna kwamfuta?

Wallahi na gaji da rainin hankalin masu ƙera manhajoji. Ka sauke abu don ka buɗe wata takarda, ko ka yi kiran bidiyo sau ɗaya tal, shi ke nan ya samu gindin zama. Gobe kana danna maɓallin kunna kwamfuta shi ma zai miƙe tare da ita, ba ka kira shi ba, ba ka neme shi ba. Kuma ba shi kaɗai ba. Mai saukar da fayil ya tashi, mai kiɗa ya tashi, na firintar da ta lalace tun bara ya tashi, wani ma ko sunansa ba ka taɓa ji ba ya leƙo yana cewa a sabunta shi. Kai mai kwamfutar, da ka sa kuɗinka ka saya, kai ne na ƙarshe a layi.

Shagon buga takardu gare ni kusa da wata makarantar gaba da sakandare. Buga furojet, cike fom a intanet, fitar da sakamakon jarrabawa, da su muke ci. Kwamfutocin 'yan Beljiyam ne, kamar na kowa a wannan sana'a: ram (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin) gig 4, faifan ajiya irin mai juyawa, ga wata laftof da batirinta ya daɗe da mutuwa, in ka zare mata waya sai ta ɗauke nan take.

Masu ƙera waɗannan manhajoji suna zaune ne inda mutum zai kunna kwamfuta ranar Litinin, ba zai sake kashe ta ba sai Juma'a, in ma ya kashe. A wurinsu jinkirin tashi ba komai ba ne. Mu fa? A ɗauke wuta, ta mutu. A tada janareta, a kunna. A kawo wuta, a juya layi, ta sake mutuwa. Kafin ta gama farfaɗowa an kuma ɗaukewa. Kowane zagaye sai duk waɗannan baƙin sun sake tashi daga farko, janareta na shan mai, ɗalibi na tsaye a kanka da fom ɗin da za a rufe yau, yana cewa "Oga, don Allah sauri nake", kai kuma kana kallon ɗan zoben nan yana ta juyawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, minti ɗaya na janareta ba abin wasa ba ne. Mai nake ƙonawa don wata manhajar kiɗa ta duba ko akwai sabon salo. Wannan wane irin zalunci ne?

Akwai wata dabara da aka sa tun Windows 8, a 2012, wadda idan ka kashe kwamfuta yadda ya dace take adana wani ɓangare na tsarin a faifai don tashin gaba ya yi sauri. Madalla. Amma sai an kashe ta yadda ya dace. Wadda wuta ta yanke mata numfashi ba ta adana komai ba, daga tushe za ta faro, wani lokaci ma sai ta tsaya duba faifai tukuna.

Matsalar ba ta da wuyar ganewa. Faifan da ke cikin yawancin tsofaffin laftof yana juyawa sau 5,400 a minti, hannun da ke karanta shi kuma wuri ɗaya yake iya zuwa a lokaci guda. Rijiya ɗaya ce da guga ɗaya, mutum ashirin sun taru a bakinta, kowa na fizgar igiya. Idan ram ya cika, tsarin sai ya fara jibge abin da ya rage a kan wannan faifan da dama ya gaji. Shi ya sa za ka ga fuskar kwamfuta ta fito sarai, kana murna, ka danna abu shiru kamar ba da ita kake ba. Ga data kuma. Da yawan manhajojin nan suna tashi ne su miƙa hannu intanet. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ka haɗa kwamfuta da wayarka don ka cike fom ɗaya, kafin shafin ya buɗe wasu can a ɓoye sun fara zuƙa.

Sai masu sayarwa, waɗanda haushinsu ya fi ci mini rai domin su namu ne, sun san halin da ake ciki. Ka je sayen kwamfuta, da alfahari mutum zai ce maka, "Alhaji, na cika maka ita da komai da komai." To wa ya ce ka cika? Manhajar kallon bidiyo kala uku, burauza huɗu, abin zanen gine-gine ga mutumin da wasiƙa kawai zai buga, sannan rigakafin bairos guda biyu, na gwaji, waɗanda wa'adinsu ya ƙare, suna faɗa da juna suna kuma damunka da saƙon ka biya. Alhali Windows tana zuwa da nata rigakafin a ciki. Duk wannan tarkace rabinsa ya rubuta sunansa a jerin masu tashi da farko.

In ta fara nauyi ka kai wa mai gyara, ko buɗe ta bai yi ba zai ce, "Yallaɓai, bairos ne ya cinye ta, sai an yi fomatin." Ka biya, ya goge komai, har da furojet ɗin yaran mutane in ba ka yi wayon kwashewa ba, sannan ya ɗauko filas ɗinsa ya sake zuba maka tarkacen da ya jawo ciwon tun asali. Bayan wata biyu ka dawo, ya sake karɓa. Ban ce duka haka suke ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma wanda ya san maganin bai kai minti biyar ba, ya ɓoye maka don ya ci kuɗin fomatin, me za a kira shi?

Ga abin da ba sa son faɗa. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, wato tagar da ke nuna abubuwan da ke aiki a kwamfuta, zai buɗe. Ka shiga Startup, ko Startup apps a Windows 11. Duk masu tashi ba gayyata suna jere, an ma rubuta nauyin kowa a gabansa. Wanda aka sa wa High, a ma'aunin Microsoft, ya ci fiye da daƙiƙa ɗaya na lokacin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko ya yi aikin faifai fiye da megabait 3 yayin tashi. Ka zaɓe shi ka danna Disable. Ba ka goge shi ba, yana nan, ranar da kake buƙatarsa ka buɗe shi da hannunka. Mai Windows 7 kuma msconfig zai rubuta a akwatin ba da umarni mai suna Run don ya ga jerin. Abin da ya shafi sauti, madannai da rigakafin da kake amfani da shi, ka bar su. Wanda ba ka gane ba ka bincika sunansa kafin ka taɓa.

Da a nan maganar ta ƙare da na yi shiru. Wasu ka kashe su yau, suna sabunta kansu su koma jerin kamar ba a yi ba. Wasu ba sa ma bayyana a wurin, sun laɓe cikin ayyukan da tsarin ke gudanarwa a bayan fage, ko cikin jadawalin ayyuka masu tashi da kansu. Sai ka nemo Autoruns, ɗan kayan aiki kyauta na kamfanin Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006, kafin ka ga iya yawansu, kuma ranar da ka fara buɗe shi sai ka riƙe baki. Mutumin da ya ɓoye abinsa haka ya san ba a so. In ba haka ba, me ya sa lokacin sakawa ɗan akwatin "tashi tare da kwamfuta" yake zuwa da alamarsa a ciki tun kafin ka gani, da ƙananan haruffa, can ƙasa? A bar shi fanko mana, mai so ya sa da kansa.

Za a ce in sayi SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin faifai mai juyawa. Na sani, yana taimakawa ƙwarai, domin babu abin da ke juyawa a cikinsa. Amma don me zan cire kuɗin cefane in faɗaɗa wa waɗanda ban gayyata ba wurin zama? Duk wanda zai sake sayar mini da kwamfuta, a kan teburinsa zan buɗe jerin nan, ya cire su ɗaya bayan ɗaya ina kallo, kafin in ƙirga masa ko sisi.