Gidan Nasif ya adana tarihin attajiran Jidda, namu fa wa zai adana shi?

Hausawan Jidda, waɗanda aka haifa a nan da waɗanda neman halali ya kawo, sun san Balad, wato tsohon garin Jidda, kamar yunwar cikinsu. Can ake sayen turare da tsarabar alhazai, can ake dako, can ake jiran mota a Bab Makka. Amma tambayi mutanenmu ko sun taɓa sa ƙafa cikin Gidan Nasif, wanda ke tsaye a kan titin kasuwar Alawi, da wuya ka ji mai cewa e. A ganina wannan asara ce babba, musamman ga 'ya'yanmu.

Umar Nasif Efendi, wakilin Sharifin Makka a Jidda, shi ya fara gina gidan a 1872, aka kammala a 1881. Da dutsen murjani aka yi shi, wanda ake sassaƙowa daga gaɓar Bahar Maliya, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsun don ya riƙe nauyin bene. A tsofaffin gidajen unguwar, inda yaɓe ya ɓamɓare, idan ka matsa kusa za ka ga ƙananan ramuka da zanen halittun ruwa a jikin dutsen, ka shafa ka ji kaushinsa. Tagogin katakon nan masu sassaƙa, roshan, suna jawo iskar teku cikin ɗaki, matan gida su ga titi ba tare da an gan su ba. Matakalar gidan kuwa faffaɗa ce marar tsayi, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. A ƙofar gida akwai tsohuwar darbejiya, irin wadda ke ƙofar gidan kowane mai unguwa a ƙasar Hausa, kuma mutanen Jidda na cewa an yi zamanin da ita kaɗai ce bishiya a cikin gari.

A wannan gida Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a ƙarshen 1925. A nan ne kuma Shaihu Muhammad Nasif ya tara littattafai kusan 16,000, waɗanda daga baya aka miƙa wa Jami'ar Sarki Abdul'aziz. An rushe ganuwar birnin a 1947, gidaje da yawa sun zube, amma wannan ya tsira, gwamnati ta saye shi ta mayar da shi gidan tarihi, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya kamata Bahaushe ya tsaya ya duba shi ne dalilin tsirar gidan. Iyalin Nasif suna da dukiya, gaskiya ne, amma sun kuma yi rubutu, sun ajiye takardu, sun riƙe suna da shekara. Don haka yau baƙo daga ko'ina zai zo ya ji labarinsu. Labarin da gidan attajiri ke bayarwa kuwa na attajirai ne da sarakuna. Wanda ya ɗauko dutsen a ka, wanda ya kawo ruwa a salka, wanda ya sauke buhu a tashar jirgin ruwa, ba a rataye hotonsa a bango ba, alhali da yawa daga cikin masu irin wannan aiki a Jidda da Makka Takari ne, wato kakanninmu.

Kuma ba ƙaramin labari gare su ba. Sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram a ƙafa da kan jaki, suka bi ta Borno, suka ratsa Abeshe da Janaina da Fashir da Ubayyid. Guzuri ya ƙare, suka tsaya cirar auduga a yankin Jazira na Sudan, wani ya yi shekara biyar a hanya, wani ya yi goma, wani ya haifi 'ya'ya a can bai ƙaraso ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, garin da suka kafa a bakin kogi a Sudan har yau da sunansa ake kiransa. Waɗanda suka kai Sawakin suka hau jirgin katako suka ƙetaro, Jidda ce ta fara karɓarsu. Daga zuriyarsu aka sami malamai da ma'aikata da 'yan ƙwallo irin su Usama Hausawi, wanda ya jagoranci tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Tsiren da mutanen Hijaz ke layi su saya da daddare, su suka zo da shi.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, “Ɗana, mu da muke fama da iƙamar zaman ƙasa da kuɗin haya, ina mu ina gidan tarihi?” Na ce, “Allah ya ja da ranka, Baba, maganarka gaskiya ce.” Mai neman abin sawa a bakin salati ba ya yawon buɗe ido. Sai dai yaron da ya tashi bai san yadda kakansa ya iso nan ba, duk wanda ya kira shi baƙon jiya ba shi da amsar da zai ba shi. Ga shi lokaci ba ya jira. Tun daga ƙarshen 2021 aka rushe unguwanni da dama a Jidda, ciki har da Sabil da Karantina da Gulail da Hindawiyya, inda mutanenmu suka daɗe. Hukuma tana da hujjarta ta gyaran gari, amma mai tashi cikin gaggawa firji da katifa yake fara ɗauka, tsofaffin takardu su ake bari.

Na ga abin da ke cikin adakar wata tsohuwa: takardar tafiya ta zamanin Turawa da ta yi ja, hatimi a kan hatimi, allon mahaifinta da gefensa ya cinye, da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka. Jikokinta ba sa karanta ajami, Hausar ma da ƙyar. Ranar da ta cika, Allah ya sa ta cika da imani, ba na jin adakar za ta yi wata guda a gidan.

Saboda haka iyaye su kai yara Balad wata ranar Juma'a da yamma, su shiga gidan, su nuna musu dutsen da tagogin, su faɗa musu su wa suka yi dakonsu. In an dawo gida a zauna da kaka, a kunna waya a naɗi muryarta, ta lissafa garuruwan da aka bi da sunayen waɗanda aka binne a hanya. Ƙungiyoyin Hausawa da ke tara kuɗin jana'iza da biki za su iya ware ɗaki ɗaya su riƙa ɗaukar hoton takardun nan, su aika kwafi zuwa Arewa House a Kaduna ko Gidan Makama a Kano, sannan su nemi masu kula da tsohon garin Jidda su ba kayan wuri a ɗaya daga gidajen da ake gyarawa.