Kafin Ka Karanta Wa Ɗanka Littafin Jarumtar Da Ka So Kana Yaro

Iyaye da yawa sun farga cewa waya ta cinye wa 'ya'yansu dare, sun kuma fara neman mafita. Abin da na fi ji a bakinsu shi ne, "Zan koma karanta masa littattafan da muka karanta muna yara." Niyya ce mai kyau, kuma ina bayanta. Inda nake da ja guda ne. Tsufan littafi da shahararsa ba su isa hujjar zaunar da ɗan shekara biyar ko shida a karanta masa shi ba. Yawancin littattafan nan mun gamu da su ne a ƙarshen firamare ko a sakandare, wasu ma don jarrabawa muka riƙe su. Daɗinsu ne ya zauna mana a rai, amma abin da ke kwance a shafukan mun manta da rabinsa.

Saboda haka shawarata ga duk uwa ko uban da ya tambaye ni ba ta canzawa: kada ka buɗe wa yaro littafin da ba ka sake karanta shi kai kaɗai ba bayan ka haihu. Ka karanta shi kana tuna wane ne zai saurara, shekarunsa nawa, me ke ba shi tsoro, me ke sa shi dariya, minti nawa yake iya zama wuri ɗaya. Daga nan ne za ka san wanda ya dace da bana da wanda zai jira baɗi.

Mu fara da namu na gida. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, daga cikinta aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Mukan lissafa su a numfashi ɗaya kamar duk abu guda ne. Ba abu guda ba ne, kuma babu wanda aka rubuta don yaron da ko haƙoran gaba bai fara famfara ba. An yi su ne don mutanen da suka koyi boko suka rasa abin karantawa da harshensu.

In ni ne, ba ma daga cikin biyar ɗin zan fara ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam zan ɗauko, wanda ya fara fitowa a 1937 cikin juzu'i uku. Dalilina tsarinsa ne. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya fice daga gida ya bi sawu, Waziri ya ƙulla masa sharri a waje, shi kuwa aku yana riƙe shi da labari har gari ya waye. Kowane dare labari guda, da farkonsa da ƙarshensa, amma akwai babbar tambayar da ke jan yaro zuwa gobe: shin Musa zai fita? Wannan shi ne ainihin abin da ƙaramin yaro yake buƙata. Ba ya iya riƙe zaren labari mai babi talatin a kansa, amma yana iya riƙe tambaya ɗaya tsawon wata guda. Ga labarin Kalala da Kalalatu, ga Sahoro da Sahorama, ga Sarkin Busa. Za ka ga yaro ya fara kwaikwayon maganarsu washegari. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya sanya musu rigar Hausa, har ba ka jin baƙuntarsu. Duk da haka ba kowane labari a ciki ne na yara ba. Akwai na makircin aure da cin amana, waɗannan ka tsallake su, littafin ba zai ji ciwo ba.

Bayansa sai Ruwan Bagaja. A nan ne yaro zai fara ɗanɗana tafiya mai nisa. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana gari yana wani, yana haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya ƙulla wa wancan, wancan ya rama. Littafi ne gajere, kuma kowane gari zango ne da za ka iya ajiyewa a kansa ku kwana. Abin da nake so iyaye su lura shi ne jarumin nan ba waliyyi ba ne. Yana ƙarya, yana damfara, yana jefa wani cikin wahala ya yi gaba yana dariya. Ni ban ga laifin yaro ya ji haka ba, domin ya riga ya san Gizo, kuma babu wanda tatsuniyar Gizo ta mayar ɓarawo. Amma ka tsaya ka tambaye shi, "Kai kana ganin abin da Alhaji ya yi wa Zurƙe daidai ne?" Za ka sha mamakin hukuncin da ɗan shekara shida zai yanke.

Akwai biyu da ba a cika ambatonsu ba alhali sun fi wasu manyan dacewa da wannan shekarun. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa labarin yaro ne da ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya sami lafiya da ƙarfi, ya hau dokinsa Kwalele ya tafi taimakon Sarki Waldima a birnin Kib. Asalinsa tsohon labarin jarumin Rasha ne, amma ya zauna daram a bakin Bahaushe. Nagari a fili yake, mugu a fili yake, ga doki mai suna, yara kuwa suna son doki mai suna. Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda yaro Kilba ya bi Kolin Koliyo zuwa sararin samaniya. Jarumin yaro ne kamar mai sauraro, wannan kaɗai ya isa ya riƙe shi.

Waɗanda zan ce a dakata da su kuwa, ba don ƙarancin daraja ba ne. Shaihu Umar a wurina yana cikin mafi nauyin abin da aka taɓa rubutawa da Hausa. Amma labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetare hamada da shi cikin bauta, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Babu abin da ƙaramin yaro yake tsoro a duniya kamar rabuwa da uwarsa. Dodo da aljani ya san na labari ne, wannan kuwa ya san yana iya faruwa, musamman a zamanin nan da yake jin manya suna zancen satar mutane. Ka bar shi sai ya kai goma ko sha ɗaya, lokacin da zai iya tambayarka game da bauta kai kuma ka iya ba shi amsa. Jiki Magayi labarin ƙwace mata ne da ramuwar gayya har ɗa ya kashe ubansa. Ganɗoki kuwa kirarinsa yana tayar da tsikar jiki in an karanta da murya, amma sara da suka sun yi yawa, kuma yaron da bai san zuwan Turawa ba ba zai gane da wa ake faɗan ba. Dare Dubu Da Ɗaya na Hausa ma kada sunansa ya ruɗe ka; akwai zantukan manya tsirara a ciki.

To, na Turanci fa? Yawancin 'ya'yanmu na birni da Turanci ake koya musu, iyaye kuma suna sayo musu tsofaffin littattafan kasada na Ingila. Ban hana ba. Treasure Island na Robert Louis Stevenson, wanda ya fito a littafi a 1883, an haife shi ne a bakin mai karantawa: marubucin ya zana taswirar tsibiri tare da agolansa, sannan ya riƙa rubuta babi yana karanta wa iyalinsa. Shi ya sa yake da daɗi a kunne. Amma Turancinsa na 'yan jirgin ruwa ne na da, ga giya ga kisa, don haka na fi ganinsa ga ɗan shekara takwas ko tara, ko a nemi taƙaitaccen bugu na yara.

Guda biyu ne nake roƙon iyaye su buɗe ido a kansu. Robinson Crusoe na 1719 mun san shi da mutumin da ya rayu shekara 28 a tsibiri, yana gina bukka yana kiwon awaki. Abin da ba a faɗa mana ba muna yara shi ne, jirginsa ya nutse ne a hanyarsa ta zuwa gaɓar Afirka sayo bayi, kuma daga cikin kalmomin farko da ya koya wa mutumin da ya ceta akwai kiransa ubangida. King Solomon's Mines na Rider Haggard, na 1885, ya fi wannan. Turawa uku sun shiga ƙasar baƙar fata neman lu'ulu'u, suka yi amfani da husufi suka nuna wa mutanen cewa su ba 'yan duniyar nan ba ne, mutanen kuma suka yarda. Yaro yana shiga rigar jarumin labari ne kai tsaye. In jarumin Bature ne mai bindiga, waɗanda ake yi wa wayo kuma masu kama da kakansa ne, me kake zaton zai kwana da shi? Babban yaro za ku iya karantawa ku tattauna, har ya amfana. Ɗan shekara shida ba ya tattaunawa, haɗiyewa yake yi. In Turancin kake so ya ji, ga Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, yaro ne a Onica yake burin ƙetare kogin Kwara zuwa Asaba. Kasada ce daidai wuyansa, a ƙasarsa.

Wani zai ce tsallake shafi ko sauya kalma cin amanar marubuci ne. Ban yarda ba. Kakanninmu da suke cewa "Ga ta nan, ga ta nanku" ba su taɓa ba da tatsuniya iri ɗaya ga kowa ba. Suna duban fuskokin yara, in sun ga ƙaramin ya fara maƙalewa sai a rage wa Dodo haƙora, in sun ga manyan suna hamma sai a ƙara masa. Mai karanta wa yaro littafi magajinsu ne, yana da wannan ikon. Littafin yana nan, yaron zai girma ya karanta shi cikakke da kansa. Abin da ban yarda a taɓa ba shi ne Hausar. In ka zo kan "ingarma" ko "sulke" ko "fatake" ko "zango", kada ka musanya da mai sauƙi. Faɗe ta yadda take, in ya tambaya ka bayyana, in bai tambaya ba ka wuce. Kunnen yaro yana gaba da idonsa da shekaru. Abin da ba zai iya karantawa ba sai ya kai aji huɗu yana iya fahimtarsa yau in daga bakinka ya fito. Kalmomin nan kuwa ba zai same su a makaranta ko a bidiyon waya ba.

Haka nan kada a tsabtace labari har ya zama lami. Tsoro kaɗan yana cikin daɗin, muddin yaron yana jingine da kai kuma ya san jarumin zai tsira. Kai ka san ɗanka. Wani a shekara biyar yana neman a ƙara masa aljanu, wani a shekara bakwai ba ya son a ambaci kura da dare, kuma duka biyun lafiyarsu ƙalau. 'Ya'ya mata ma a zaunar da su, kada a ce labarin doki da takobi na maza ne.

Minti goma zuwa sha biyar bayan sallar isha'i ya wadatar. Ka sauya murya in aku ne ke magana, ka ja numfashi kafin a buɗe ƙofar kogo, ka rufe littafin a daidai inda ya fi son a ci gaba. In ya ce a maimaita na jiya, a maimaita. In kun yi dare uku yana wasa da yatsunsa bai tambayi komai ba, littafin bai kai lokacinsa ba, a mayar da shi kan kanta a ɗauko wani. Yawancin na Hausar nan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya riƙa buga su, kuma har yanzu ana dacewa da su a wurin masu sayar da littattafai a kasuwannin Kano da Zariya da Kaduna. Wanda ya ga tsohon kwafi a gidan iyayensa, ko da bangon ya yage, ya nemi izini ya ɗauko.